Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna kan maganar koren haidirojin

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki ya haƙuri da jama'a, Allah ya taimaka ya yi riƙo da hannu. Ni mai gyaran inbata ne da kayan sola a nan Tudun Wada, shekarata 17 ina wannan sana'ar, na fara ne da naɗin tiransifoma da sitabilaiza a hannun maigidana kafin in je in yo difloma a fannin lantarki, yanzu haka ina da yara 6 a shago da nake koya musu aiki. Mahaifina kuma manomin masara ne a can wajen Soba. Na faɗi wannan ne don a san inda maganata ta fito, rabinta daga teburin gyara rabinta daga gona.

Abin da ya sa na zauna na rubuta shi ne kwanakin nan maganar koren haidirojin, wato iskar haidirojin da ake samowa daga ruwa da wuta mai tsafta irin ta rana, ta fara yawa, ana yin ta a taruka a Abuja, har Jamusawa ofishi gare su a can na musamman kan harkar, kuma tun da Najeriya ta ɗau alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 cewa nan da 2060 za ta kai matakin da hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba, to dama an san irin wannan maganar za ta iso mu. Ga kuma dokar lantarki ta 2023 da ta ba jihohi dama su tsara kasuwar wutarsu da kansu. Ko ba daɗe ko ba jima wani kamfani zai shigo gidan gwamnati, Gidan Sir Kashim, ya ce Kaduna na da rana, a ba shi fili a sa mishi hannu. Ni ba cewa nake a kore shi ba wallahi, ina son abin ya zo, kawai dai akwai wani akwati da ba a cika maganarsa ba da ke tsakanin faifan sola da injin yin haidirojin ɗin, kuma a ɗan sanin da na yi a nan ne ayyukanmu suke mutuwa.

Bara in fara da abin da kansa saboda masu karatu. Ruwan nan da muke sha iska biyu ce a haɗe, haidirojin da oksijin, in ka tura wutar lantarki a ciki sai su rabu kowa ya fita ta gefensa, duk wanda ya yi kimiyya a sakandare ya ga an gwada da batir da waya biyu a cikin kofi. Na'urar da ke yin wannan aikin da yawa ita ake kira ilektirolaiza, ni dai tukunya nake ce mata in ina wa yarana bayani. In wutar da aka tura daga rana ta fito ko iska ko ruwan dam sai a ce haidirojin ɗin kore ne, ba maganar launi ba ce don ba shi da launi ba shi da wari, sai don ba a ƙona komai ba wajen samo shi. Duniya na cinye haidirojin sama da tan miliyan 90 a shekara, mafi yawa a matatun mai da kamfanonin taki, kuma kusan duka daga gas da kwal ake ciro shi, na gas ɗin ma kowane kilo ɗaya yana tafe da hayaƙin kabon kusan kilo 10. Wanda ake samu ta hanya mai tsafta har yanzu bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Kilo ɗaya na haidirojin yana cin ruwa lita 9 da wuta yunit 50 zuwa 55, irin yunit ɗin nan dai da muke lodawa a mita, ya kuma bar maka oksijin kilo 8 a gefe. Amma ƙarfin da ke cikin kilon nan yunit 33 ne da ɗoriya, in kuma ka ce za ka sake mayar da shi lantarki abin da zai dawo hannunka bai fi kashi 30 zuwa 40 na wutar da ka zuba tun farko ba, alhali batirin litiyom kusan kashi 90 yake dawo maka da shi. Kenan haidirojin ba rijiya ba ce, jarka ce, jarkar ma mai yoyo. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga bidiyon nan da ke yawo a TikTok da Facebook wai an ƙera janareto ko mota mai aiki da ruwa zalla, har wani dattijo ya taɓa zuwa shagona da kuɗinsa na fansho yana neman in haɗa mishi, na zaunar da shi na yi mishi bayani sai da ya fahimta. Ruwa tokar haidirojin ce, ya riga ya ƙone, kafin ka raba shi sai ka biya wutar da ta fi wadda zai ba ka. Don haka duk wanda ya zo ya ce zai kawo wa gidajen Rigasa ko Kawo wuta ta hanyar haidirojin, ranka ya daɗe a ce mishi ya sa faifai da batir kai tsaye ya fi sauƙi ya fi arha.

Inda ni nake ganin abin ya shafe mu shi ne taki. Yuriyar nan da baba ke kuka da tsadarta duk damina daga amoniya ake yin ta, amoniya kuwa haidirojin ne aka haɗa da naitirojin ɗin da ke cikin iskar da muke shaƙa, wanda shi ne kashi 78 na iskar, kyauta Allah ya ba mu. Bajamushe Fritz Haber ya gano hanyar a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita masana'anta a 1913, kuma har yau ita ake bi. Tan ɗaya na amoniya yana buƙatar haidirojin wajen kilo 178. Kuma yin taki da haidirojin na lantarki ba sabon abu ba ne, ƙasar Nowe ta yi shi da wutar dam tun ƙarshen shekarun 1920 har farkon shekarun 1990, a Masar kamfanin KIMA da ke Aswan ya fara aiki a 1960 a kan wannan tsarin, Zimbabuwe ma kamfanin Sable da ke Kwekwe ya shafe sama da shekara 40 yana raba ruwa da wutar dam ɗin Kariba yana yi wa manoman ƙasar taki. A nan Afirka fa aka yi. Abin da ya ture su shi ne arhar gas da tsadar wuta, abin da ke neman dawo da tsarin yanzu kuma shi ne faifan sola da ya faɗi warwas a kasuwar duniya. A Kenya ma wajen Naibasha an kafa wata ƙaramar masana'anta a 2023 mai yin amoniya wajen tan ɗaya a rana da hasken rana, don gonar da ke wurin kawai.

Na zauna da biro na yi nawa lissafin. Megawat ɗaya na sola a yanayin rana irin ta Kaduna, in an haɗa rani da damina, zai ba da abin da ya kai yunit 4,500 a rana, wannan haidirojin kilo 80 kenan da 'yan kai, in aka mayar da shi amoniya aka cire wutar da sauran injina za su ci, naitirojin ɗin da ke ciki zai yi daidai da buhun yuriya wajen 15 a rana. Ba yawa, na sani. Kamfanin takin Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022 tan miliyan 3 aka gina shi ya riƙa yi a shekara, ga Indorama a Eleme, duk da gas suke aiki, ga bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 da aka faro daga Ajakuta ya biyo ta nan Kaduna zuwa Kano. Gaskiya ɗaya ce, a yau koren haidirojin ya ninka na gas tsada sau biyu ko uku, kuma ita yuriya bayan amoniya sai an samo mata iskar kabon, ba a nan aikin ya tsaya ba. Ba zan ɓoye wannan don ina son abu ba. To me ya sa har yanzu nake cewa mu shiga? Saboda akwatin nan da na ambata, bara in zo kansa.

Shekarun baya an yi wa ƙauyen su mahaifiyata bohol mai sola, ranar buɗewa har da kiɗa, mata suka huta da zuwa rafi, yara suka daina makara a makaranta. Bayan wata 14 sai ruwa ya tsaya. Aka yi ta jira, aka yi ta aike, sai da na je gaisuwar sallah kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurin. Na auna faifai lafiyarsu ƙalau, na auna famfon da ke ƙasa lafiya lau, na buɗe kwantirola sai ga tiransisto biyu sun ƙone da kafasita ɗaya ta kumbura, kayan da kuɗinsu bai kai na buhun masara ɗaya ba. Amma an goge lambar da ke jikinsu, an zuba wa allon wani baƙin danƙo ya daskare, babu zanen da'ira, saitin kuma an kulle shi da lambar sirri, waɗanda suka yi aikin sun tafi ba a san inda za a same su ba. Aikin miliyoyi ya tsaya saboda abu kamar ƙwayar dabino. Na tsaya ina kallon 'yan mata suna wucewa da jarkoki a ka ta gefen tankin da ba komai a ciki, wallahi har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Daga baya na haɗa musu wata kwantirolar da hannuna, ba ta kai ta asali ba amma ruwa na zuwa.

Wannan akwatin shi ake kira fawa ilektironiks, wato ilimin sarrafa wuta da makunnai na silikon masu kunnawa da kashewa sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ne a cikin cajar wayarka, shi ne a inbata, shi ne a injin walda na zamani da cajar keke mai batir. A harkar haidirojin kuwa shi ne zuciyar abin gaba ɗaya, ga dalili.

Faifan sola wutar DC yake bayarwa, wato irin ta batir, tukunya ma DC take ci, sai mutum ya ɗauka ai sai a jona su kawai. Ba haka ba ne. Faifai in an jera su a babbar gona suna kaiwa bolt 1,000 har 1,500, ita kuwa tukunya kowane ɗaki nata bai cika wuce bolt 2 ba, a ka'ida ma daga 1.23 ruwa ke fara rabuwa, sai dai a jera ɗakuna da yawa su kai bolt ɗari-ɗari, amma abin da take sha da gaske shi ne amfiya, dubbai. Yawan haidirojin da za ta ba ka yana bin yawan amfiyar da ta shiga ne daidai wa daida. Kenan ana buƙatar mai shiga tsakani da zai karɓi bolt mai yawa ya sauke shi ya mayar da shi amfiya mai yawa ba tare da ya zubar da wutar a matsayin zafi ba. Sannan shi faifai yana da wani wuri guda da yake ba da iyakar ƙarfinsa, wurin kuma ba ya zama, yana motsi da hantsi da azahar da zafi da gajimare, aikin MPPT kenan da duk mai sola a gida ya san sunansa, ya riƙa lalubo wurin nan kowane lokaci. Hanya biyu ake bi, ko dai a mayar da wutar AC, irin ta layin gari, da inbata a bi da ita ta tiransifoma a sake dawo da ita DC da rektifaya, wadda ita ce aka fi sabawa da ita kuma tana ba da dama a jona da layin wutar gari, ko kuma a sauke ta kai tsaye daga DC zuwa DC, matakai sun ragu asara ta ragu. Kowane mataki yana gutsurar kashi 1 zuwa 3, kuma a aikin da wuta ce mafi tsadar abin da ake kashewa, gutsuren nan a shekara 20 kuɗi ne mai yawa.

Ba a nan ya tsaya ba. Tsohuwar rektifaya mai makunnin da ake kira tairisto tana da ƙarfi tana da arha tana da juriya, amma wutar da take fitarwa tana rawa, ba ta kwanta sumul ba, rawar nan kuwa zafi take zama a cikin tukunya ba haidirojin ba, sannan tana mayar da datti cikin layin wutar gari har maƙwabta su ji a injinansu. Sababbi masu makunnin IGBT sun fi tsafta, ga kuma na silikon kabaid da suka fi jure zafi da saurin kunnawa, amma sun fi tsada kuma gyaransu na son ilimi. Wanda zai sa hannu a kwangila a madadin jiha ya kamata ya san bambancin nan, in ba haka ba abin da aka ga dama shi za a sauke mana.

Sai babbar matsalar, gajimare. Duk wanda ya zauna Kaduna a watan Agusta ya san rana za ta buɗe tar, kafin ka shanya kaya hadari ya rufe. Wutar faifai tana iya faɗuwa ƙasa da rabi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Tukunya iri biyu aka fi amfani da su, akwai mai ruwan kanwa wato alkalin, ita ce tsohuwa mai arha, akwai kuma PEM mai saurin bin wuta amma tana cin ƙarafa masu tsada irin su filatinom da iridiyom. Ita alkalin in wuta ta yi ƙasa sosai sai haidirojin ya fara ratsa shamakin da ke tsakani yana shiga ɓangaren oksijin, kuma in haidirojin ya kai kashi 4 cikin 100 a cikin oksijin ɗin yana iya fashewa, shi ya sa ake saita injin ya kashe kansa tun a kashi 2. Kashewa da kunnawa a kai a kai kuma yana cin rayuwar tukunya. Wa zai riƙe wutar ta sauka a hankali, ya jawo daga batir na 'yan mintuna, ya kashe wasu tukwane ya bar wasu, ya tsayar da komai lafiya in abu ya ɓaci? Akwatin nan ne da ƙwaƙwalwar da aka saka mishi. Kuma kar a ɗauka mu kaɗai abin zai ba wahala. Kamfanin Sinopec na ƙasar Sin ya buɗe babbar masana'anta a Kuqa a 2023, tukwane megawat 260, an tsara ta kan tan 20,000 a shekara, amma rahotanni suka nuna a farkon aikinta ko rabi ba ta kai ba, kuma cikin dalilan akwai kasawar tukwanen wajen bin hawa da saukar wuta. A Puertollano ta ƙasar Sifaniya da aka yi don kamfanin taki a 2022, sola megawat 100 aka kafa, tukunya megawat 20 kacal, aka kuma haɗa da batir. Saudiyya a NEOM ta zuba sama da dala biliyan 8 ta haɗa rana da iska wajen gigawat 4 don in ɗaya ta kwanta ɗaya ta tashi. Masu kuɗi da ilimi ma sai da suka yi wa gajimare tanadi.

Mu kuma muna da namu ƙarin da ba a rubuta a littafin mai ƙera kayan ba. Zafin Maris da Afrilu, wanda faifai kansa yana rage ƙarfi wajen kashi 0.4 kan kowane digiri da ya haura 25, kafasita mai ruwa kuwa duk ƙarin digiri 10 rabin rayuwarta ke tafiya. Ƙurar hunturu da ke toshe fanka ta kwanta a kan allo, in damina ta sauka ta sha danshi ta zama hanyar wuta. Tsawar farkon damina, wadda a satin da ta fara shagona cika yake da inbatoci saboda ba a binne atin, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, yadda ya kamata ba. Har ƙadangare da tsaka da ɓera, na sha ciro su a ƙone a tsakanin ƙafafun tiransisto. Kayan da aka gwada a Jamus ko Sin ba su san wannan ba, mu muka sani, kuma wannan sanin shi ne jarinmu.

Shi ya sa roƙona na farko ba a kan tukunya yake ba, a kan yaranmu yake. Jihar nan Allah ya ba ta abin da wasu ba su da shi, ga ABU Zariya tun 1962 da sashen injiniyan lantarki da na sinadarai da cibiyar binciken makamashi, ga cibiyar binciken noma ta Samaru, ga NARICT a Basawa da aikinta kenan fasahar sinadarai, ga Kadpoly, ga KASU, ga Nuhu Bamalli, ga cibiyar albarkatun ruwa a Mando, hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ma hedikwatarta a nan garin take. Ga kuma Panteka, inda yaro zai kalli abu sau ɗaya ya ƙera maka irinsa. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a ɗaki ɗaya. Mai digiri ya san lissafi amma da yawa ba su taɓa riƙe ayan na soda ba, na Panteka hannunsa na da kyau amma bai taɓa ganin yadda wuta ke rawa a fuskar na'urar awo ta osiloskof ba, gyara yake da ƙiyasi da addu'a. Ina roƙon a sa wannan fannin a cibiyoyin koyon sana'a na Rigachikun da Soba da Samarun Kataf, ba iya ɗaura faifai a kan rufi ba don wannan kowa ya iya yanzu, a koya musu cikin akwatin, yadda ake naɗa indokta, yadda ake tuƙa tiransisto, yadda ake rubuta wa ƙaramar ƙwaƙwalwa umarni. Teburin gwaji guda 20 da na'urorin awo ba za su kai kuɗin kwalta kilomita ɗaya ba. Kuma a sa 'yan mata, ƙanwar matata tana zuwa shago lokacin hutu, sodarta ta fi ta duk yarana tsafta.

In an yi wannan sai a kafa ɗan ƙaramin gwaji, ko kilowat 100 ne, a cikin ɗaya daga makarantun nan, sola da batir da tukunya, a bar ɗalibai da masu gyara su ƙera wa tsarin kwanbata tasu, wato akwatin nan, a ajiye ta gefe da ta waje a riƙa gwadawa, a rubuta abin da ya faru kullum har shekara biyu, hunturu biyu damina biyu. Za su ƙona kaya, dole ne, ni ma da ƙona kaya na koya, a sa kuɗin wannan a cikin kasafin tun farko. Ranar da babban kamfani zai zo muna da alƙalumanmu na kanmu da mutanen da za su zauna gaba da gaba da injiniyoyinsa. Ko da kuwa haidirojin ɗin bai yi arha ba nan da shekara 10, yaron da ya iya wannan akwatin shi ne zai gyara bohol da fitilar titi da wutar asibiti da ƙaramar tashar sola ta ƙauye da cajar adaidaita mai batir, waɗanda tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 suke ta ƙaruwa, ba abin da aka yi asara.

Ita kwangila kuma, ranka ya daɗe, tun ran gini ran zane. Duk wani aikin sola da jiha za ta biya, ƙarami ko babba, a rubuta a ciki cewa za a miƙa zanen da'ira da lambar sirrin saiti da kayan canji na shekaru, a kuma horar da 'yan ƙaramar hukumar da aka yi aikin kafin a biya kuɗin ƙarshe. Wannan ko sisi ba zai ci wa gwamnati ba, layi huɗu ne a takarda, da an yi shi da 'yan matan ƙauyen su inna ba su koma rafi ba.

Maganar ruwa ba ta tayar min da hankali sosai, ko an ninka lita 9 ɗin nan sau biyu saboda tacewa da sanyaya inji, megawat ɗaya ba zai sha tankar ruwa guda a rana ba, sai dai ruwan dole ya zama tatacce kamar ruwan batir, kuma kar a kafa a inda mutane ke layi a bakin famfo. Oksijin ɗin ma kar a sake shi a iska, in an tace shi an busar an gwada ya cika ƙa'idar asibiti rai zai ceta, duk wanda ya taɓa yawon neman silinda da dare saboda mara lafiya ya san me nake nufi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne wuta. Ba mu manta da fashewar gas ta Sabon Tasha a watan Janairun 2020 ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Haidirojin ya fi gas ɗin girki saurin kamawa, daga kashi 4 har 75 a cikin iska yana ci, ba ka jin warinsa, harshen wutarsa da rana da kyar ido ke gani, kuma yana silalewa ta kafar da ko iska ba ta bi. Amoniya kuma guba ce in ta zuba. A horar da 'yan kwana-kwana a ba su na'urar gano yoyo tun kafin silinda ta farko ta shigo jihar, a kuma nisanta wurin da unguwanni.

Na san ƙasashe irin su Namibiya da Maroko da Muritaniya suna ta shirin yi don sayar wa Turai, su suna bakin teku. Mu muna da nisan ɗaruruwan kilomita daga tashar ruwa, kuma ba zai yi min daɗi ba a shimfiɗa faifai a gonakin Igabi ko Kajuru ana loda amfanin zuwa waje alhali ƙauyen da ke jikin katangar yana kwana a duhu. Namu ya zama na manomin masara a Saminaka da Soba da Giwa, da mai citta a Kachia da Jaba, da asibitocinmu. Duk ranar da na bi ta Kakuri na ga gine-ginen masaƙu, KTL da aka kafa tun 1957 da sauransu, da tsohon kamfanin takin sufa, sai in tuna garin nan ya taɓa yin taki da yadi da haɗa mota, iyayen abokaina da yawa a can suka yi aiki har suka aurar da 'ya'ya, kuma tsadar wuta na cikin abin da ya durƙusar da masaƙun nan.

In ana son ganin abin da nake faɗa da ido ba sai an je ƙasar waje ba, a turo wani daga ma'aikatar da abin ya shafa ya zagaya shagunan gyara na Tudun Wada da Panteka da Kasuwar Barci ranar wata Asabar, kowane shago akwai tarin matattun kwantirola da inbata a ƙarƙashin tebur, za mu buɗe mishi su ɗaya bayan ɗaya mu nuna mishi abin da ya kashe kowacce. Ni a nawa akwai guda 40 da wani abu, ciki har da ta ƙauyen su inna, na ajiye ta ban yar ba.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya zaunar da jiharmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka ɗan jiha,
mai gyaran inbata, Tudun Wada, Kaduna.